Littattafai a Dama, Gero a Hagu

Da sunan Allah, mai tsare matafiyi da abin da ya bari a gida.

Gari bai gama wayewa ba muka bar Dutsin-Ma, bayan an sallame asuba an yi addu'ar hawa abin hawa. 'Yan'uwa da ɗalibai sun yawaita tambayata yadda tafiyar ta kasance, shi ya sa na ga ya dace in rubuta ta gaba ɗaya, in huta da maimaitawa a zaure.

Dalilin tafiyar shi ne, aminina wanda muka durƙusa gaban malami ɗaya tun muna samari, Allah ya karɓi abinsa a cikin ranin nan, Allah ya jiƙansa da rahama. Ya bar wasiyya cewa a kai littattafansa makarantar wani tsohon ɗalibinsa da ke wani ƙauye gabas da Kurfi, a haɗa da wani kaso na geron gonarsa ta Dabawa domin ciyar da masu karatu. Wasiyyar ba ta kai sulusin dukiya ba, magada kuma suka zartar da ita da daɗin rai. Mafi yawan littattafan nan rubutun hannu ne, na fiƙihu da nahawu da tafsiri, wasu na mahaifinsa, wasu na kakansa, falle-falle ne ɗaure da igiyar fata. An rubuta su da tawadar gida, wadda ɗigon ruwa ɗaya kan mayar da layi guda baƙin tabo. Ga shi tsakanin Kurfi da ƙauyen akwai wani rafi marar gada, wanda da zarar ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, babbar mota ta gama ƙetare shi sai kaka. Ɗakin da littattafan suke ciki kuwa yoyo yake yi. Saboda haka muka sa wa ranmu abu guda: su isa hannun mai su a bushe, kafin sama ta rufe hanya.

Motar da muka samu tsohuwa ce mai bodin katako, ta wani dattijon direba maƙwabcina. Ba na jin akwai kasuwar ƙauye a ƙasar nan da ba ta taɓa kai wa kaya ba. Ni da ladanin masallacinmu, wani Bafulatani da bakinsa ba ya hutawa, muka zauna gaba tare da direba. Babban ɗan marigayi da ƙannensa biyu suka hau baya. Su ne suka yi lodi tun da yamma ana gobe tafiya, kuma sun yi shi da ladabin da aka tarbiyyantar da su a kai. Akwatunan littattafai suka ba su gefen dama baki ɗaya, bisa wani gadon katako, babu abin da ya raɓe su, balle ya hau kansu. Buhunan gero kuwa duk aka jibge su a gefen hagu, su kansu suka maƙale a bayan buhunan, a ƙasa, don kada wani ya zauna sama da ilimi ko ya miƙe masa ƙafa. Na leƙa na gani a cikin duhun safiya, na sa musu albarka.

Hanyar Kurfi kwalta ce, sai dai ta sha duniya, akwai wuraren da direba kan zaɓi ramin da ya fi sauƙi ya faɗa. Mun wuce shingen jami'an tsaro, suka leƙo suka ga rawani, suka nemi addu'a, muka yi musu, mu ma muna buƙatar a yi wa ƙasar. Dama da hagu gonaki ne an share su fes, wasu har sun yi binne suna jiran rahama. Na ga wani dattijo tsaye a tsakiyar gonarsa, ya kafa wa gabas ido kamar mai jiran baƙo. A nan na shiga wani hali da ban taɓa shiga ba. A satin da ya wuce ni na ja mutane sallar roƙon ruwa, yau kuma ga ni cikin mota zuciyata tana so a jinkirta shi. Na ji kunyar Ubangijina in roƙi a hana bayinsa abin da na roƙa musu da bakina. Sai na ce: ya Allah ka saukar da shi mai albarka, amma ka bar mu mu shige tukuna.

Ladan ne ya fara lura da cewa zamanmu ba daidai yake ba.

"Allah gafarta Malam, motar nan fa tun da muka taso take sallama ta hagu, har yanzu ba ta yi ta dama ba."

Direba ya ce tsufa ne, shi ma in ya tashi daga tabarma da gefe guda yake tashi. Muka yi dariya. Ba mu yi nisa da dariyar ba muka faɗa wani rami, sai muka ji ƙara daga ƙarƙashi kamar an sare icce. Motar ba ta tsaya ba, amma tafiyarta ta sauya: kanta na duban Kurfi, bayanta na neman jeji. Wani mai babur ya biyo mu yana ɗaga hannu yana ihu: "Direba! Bayan motarka na son wuce gabanta!"

Muka sauka. Direba ya shimfiɗa buhu ya kwanta ya leƙa, sa'an nan ya fito yana salati. Da yake Kurfi ta kusa, muka lallaɓa da tafiyar da mai jaki zai iya yi mana sallama ya wuce, har muka isa bakin gari wajen wani bakanike da ke aiki a gindin dalbejiya.

Bakaniken nan magidanci ne kakkaura, Babarbare, wanda zama ya mai da shi ɗan Kurfi. Ladan na jin haka ya gyara tsayuwa.

"To, Malam, an gama. Bawana ne, kyauta zai yi mana."

"Wa ya sako wannan daga ruga?" in ji bakanike, bai ko ɗago kai ba. "Baba Malam, ka ce ya matsa daga inuwata, kada ya ga man giris ya zaci man shanu ne."

Na nemi ya nuna mini abin da ya faru, domin ban saba sa hannu a hukuncin da ban ga asalinsa ba. Na tattare riga na durƙusa. Abin da suke kira sifirin wasu dogayen fallayen ƙarfe ne da aka jera, babba bisa ƙarami, su ne ke ɗauke da nauyin mota a kan sandar da tayoyin baya suke jikinta. Ba a manne suke da juna ba. Abin da ya riƙe su wasu lanƙwasassun ƙarafa ne guda biyu a kowane gefe, masu siffar ƙotar da aka tanƙwara, suna kiransu yubol. Su ne suke rungume fallayen da sandar, a ɗaure su da noti daga ƙasa. Ina gani na gane, domin ai haka littattafan da ke bisa kanmu suke: fallaye ne a sake, igiyar da ta ɗaure su ita ce rayuwarsu, in ta kwance sai ka tarar da babin tsarki a cikin babin gado. Yubol ɗin gefen hagun nan ɗaya ya tsinke, ɗayan ya saki, ƙusar da ta ratsa tsakiyar fallayen ta karye, sandar tayoyin ta zame baya. Shi ya sa motar take tafiya a karkace.

Bakanike ya hau ya leƙa cikin bodin, ya dubi hagu, ya dubi dama, ya sauko a hankali. Da ya ji dalilin wannan lodi bai yi dariya ba, sai ya cire hularsa ya mayar, ya ce Allah ya saka wa wanda ya yi tarbiyyar nan. Sa'an nan ya ƙara da cewa, sai dai ƙarfe bai san dama da hagu ba, nauyi kawai ya sani.

Direba ya so a ɗaure da robar taya a lallaɓa, ko a kai wa mai walda ya liƙe wanda ya tsinke, saboda sauri. Aka tsaya shawara. Bakanike ya ce ƙarfen da ya riga ya miƙe ba ya sake riƙe noti, wanda aka liƙe kuwa a bakin rafi zai tuna da ciwonsa. Na goyi bayan a sa sababbi, har da na gefen dama, tunda sa'o'in juna ne, tsatsa ɗaya ta ci su. Direba ya hau babur ya shiga gari wajen masu sayar da kayan mota. Da ya dawo ya faɗi kuɗinsu, ladan ya ce a zamanin da ya yi aure da wannan kuɗin har rago za a saya a yi canji. Ɗan marigayi ya biya bai ja ba.

Kafin nan an sauke gero, an datse tayoyin gaba da duwatsu, an ɗaga motar da jak, aka cusa kututturan icce a ƙarƙashinta. Bakanike ya ƙi shiga sai da ya girgiza ta ya ga ba ta motsi. Mu kuwa aka shimfiɗa mana tabarma. Wata tsohuwa ta kawo koko da ƙosai. Kokon na da tsami da yaji daidai, ƙosan kuwa ya bi zamani, ya ƙanƙance har ana iya haɗiye shi da bisimilla ɗaya. Can wata Bafulatana ta sauke ƙwaryarta, muka sha fura da nono mai kauri wanda ba a yi masa ha'inci da ruwa ba. Ladan ya yi mata Fulatanci don ta rage masa, ta amsa masa da Hausa cewa wannan Fulatancin nasa na birni ne, ba ya rage ko sisi. Mutanen Kurfi masu son baƙo ne. Da labari ya bazu cewa littattafan malami ne a motar, sai ga dattawa suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, su gaisa, su yi wa marigayi addu'a, su ba bakanike shawarar da bai nema ba.

Na zauna inda nake ganin aikin, kuma na ji daɗin tsarinsa. Tsofaffin notin sun ƙi kwantuwa, sai da aka zuba musu baƙin mai, wanda ya ƙi ji aka datse shi da zarto. Bakanike ya warware fallayen, ya kankare tsatsa da ƙasar da suka shiga tsakaninsu, ya duba kowane ɗaya ko akwai tsaga, ya jera su, ya sa sabuwar ƙusar tsakiya. Sa'an nan aka taru aka turo sandar tayoyin ta koma mazauninta, ya auna da igiya daga tayar gaba zuwa ta baya, hagu da dama, har suka zo daidai. Da ya zo ɗaure sababbin yubol, bai ƙarasa noti ɗaya ya koma wani ba. Sai ya ɗan ja wannan, ya tsallaka ya ɗan ja na kusurwar da ke fuskantarsa, ya dawo, ya sake zagayowa, kowanne yana samun rabonsa kaɗan-kaɗan har suka kai tare. Ya ce in aka cika wa ɗaya, sauran ukun za su zauna a karkace. Na ce masa wannan babi ne na adalci, da alƙalai za su zo su zauna a gindin bishiyar nan da sun ƙaru. Bayan an sauke motar ƙasa ya zura dogon bututu a jikin sufana, ya ɗora ƙarfinsa duka, sa'an nan ya bi kowane noti da wani notin a bayansa don ya tsare shi.

Muna sallame azahar na dubi gabas, na ga ta fara haɗe rai.

Aka zo mayar da lodi, sai magana ta tashi. Bakanike ya ce dole a shimfiɗa gero ko'ina daidai. Ɗan marigayi, mutum mai kunya wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya ce shi ba zai iya tsayawa bisa buhu littattafan mahaifinsa suna ƙasa da ƙafarsa ba, ko da na ɗan lokacin ɗaure igiya ne. Idonsa ya cika da ƙwalla. Na ja shi gefe na ce masa: "Ɗana, girmama littafi wajibi ne, amma mafi girman girmamawa shi ne ya isa inda za a karanta shi. Malamai sun ce kawar da ɓarna shi ke gaba. Mu sauke akwatunan mu riƙe su a hannu, a shimfiɗa gero, a sa tabarmi, sa'an nan mu ɗora su a tsakiya bisa komai. Abinci a ƙasa, ilimi a sama, ai ba a taɓa jera su da kyau kamar haka ba." Sai ya ce, "Na ji, Baba." Haka aka yi. Dattawan Kurfi suka tsaya a jere rungume da akwatuna har aka gama shimfiɗa buhuna, ba wanda ya yarda nasa ya taɓa ƙasa. Aka rufe da tamfol, wanda shi ma sa'an motar ne, yana da tagogi.

Bakanike ya ɗauki sufanarsa da bututunsa ya ce zai raka mu, domin sabon ɗauri yakan saki da zarar fallayen sun ji nauyi sun zauna, dole a sake ja a hanya. Ya matse ladan a gaba, suka ci gaba da sayar da juna.

Daga Kurfi muka bar kwalta muka hau burji, daga burji muka faɗa turbar shanu. Iska ta taso mai sanyi da ƙamshin ƙasa, ana ta kora awaki gida, mata na kwashe shanya da gudu. Hadari ya yi baƙi ƙirin, yana tafiya kamar ya san inda za mu. Muna hango itatuwan bakin rafi, bakanike ya ce a tsaya.

"Tsaya mi?" in ji direba. "Kana ganin abin da ke bisa kanmu?"

"Ina gani, Alhaji. Kai ma in ka shiga yashin can da noti a sake, za ka ga abin da ke ƙarƙashinka."

Duka suka juyo suna dubana. Ban ɓoye muku ba, zuciyata tana tare da direba, ƙafafuna har suna taka totur ɗin da babu a gabana. Amma na tuna cewa in ruwa ya same mu a nan muna da tamfol da riguna, in kuwa mota ta zauna a tsakiyar rafi ba mu da komai. Na ce a tsaya. Bakanike ya shige ƙarƙashi, iska na watsa masa ƙasa a ido, ya bi notin nan ɗaya bayan ɗaya a tsallake kamar ɗazu. Waɗanda na ga an ɗaure da ƙarfin ƙato, sai ga shi kowanne ya karɓi ƙari. Ya fito ya bugi bodin ya ce, "Mu tahi!"

Gangaren rafin tsaye yake, yashin kuma mai zurfi. Motar ta sauka tana nishi, ta yi tangaɗi dama, ta yi hagu, ta miƙe. A wajen hawa ɗaya gaɓar ta tsaya cik, tayoyi suna tono, ladan ya saki wasa ya kama hailala da muryar kiran salla. Sai ta yunƙura ta haye, a miƙe sambal, ba karkata. A daidai nan ɗigon farko ya faɗo a kan gilashi.

Mun shiga ƙauyen ana yayyafi. Malamin makarantar ya riga ya tara jama'a a ƙofar gida. Ba a tsaya gaisuwa ba, aka yi sahu daga mota zuwa zaure, akwati na bin hannu zuwa hannu. Ladan ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe na ƙarshe, ya shiga da shi a guje daga shi sai 'yar shara, bakanike na bin sa da cewa yau ya ga ramar Fulani da idonsa. Ana shigar da shi sama ta ɓalle. Buhunan gero na sama sun jiƙe kafin a kwashe su, aka ce ba komai, su za a fara ci. Direba da bakanike ko ruwa ba su sha ba suka juya, don su ƙetare kafin rafi ya kawo, daga baya muka ji sun tsallake da ƙyar.

A cikin zaure malamin ya buɗe akwatunan ɗaya bayan ɗaya, yana sa tafin hannunsa a kan fallaye. Babu danshi ko kaɗan. Da ya kai ga wani kundi ya ga rubutun malaminsa a gefen shafi, sai ya rufe fuskarsa da rawani. Muka bar shi, muka koma bakin ƙofa muna kallon ruwa yana cika kunyoyin gonaki. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, na ci har na manta da dokar likita.

Washegari da hantsi muka kamo hanya. Rafin da muka ratsa da mota, sai da muka naɗe wanduna aka riƙe mini hannu muka ƙetare shi, daga can babura suka kai mu Kurfi, muka shiga ƙaramar mota zuwa Dutsin-Ma. Duk hanya mutane ne a duƙe suna shuka, ba mai ɗago kai.

Na ƙaru da abu biyu a tafiyar nan. Ladabi in ba a auna shi ba yakan karkatar da abin da ake son girmamawa. Kuma ɗauri, na ƙarfe ne ko na alkawari, ba a gama shi a ranar da aka yi shi, sai ya ɗauki nauyi an dawo an sake ja.

Kafin in shiga gidana na biya gidan marigayi, na tsaya a zaure na aika a gaya wa mai ɗakinsa cewa amana ta isa a bushe. Ta matso bayan ƙofa muka gaisa, ta yi hamdala, sa'an nan ta ce:

"Malam, tun da aka kawo ni gidan nan, hadari bai taɓa tasowa ban tashi na rufe littattafan nan ba. Jiya ma sai da na miƙe na ɗauko tabarma, sa'an nan na tuna. Na koma na zauna, na sha kallon ruwa."

Allah ya sa a karanta su har igiyoyinsu su tsufa a sake wasu, ya kai ladar karatun kabarin marigayi, ya ba mu damina mai albarka.